Turaren Fanna

"Ina gawar?" Uwani ta tambaya, karo na uku.

Mutumin da kamfanin jiragen dakon kaya ya aiko ya gyara tsayuwa a soron gidan Modu, a Yakasai. Wai sunansa Mustafa. Takalmi sai sheƙi, kuma tun da ya zo ya ƙi yarda su haɗa ido. Wannan kaɗai ya isa Uwani ta ƙi jininsa.

"Hajiya, na faɗa miki. Jirgin ne ya daki dutse cikin gajimare. Ba wanda ya fita. A can aka binne su."

"Ɗazu ka ce wa maza ruwan sama ne."

"Da ruwan da gajimaren."

"Uhm."

Shekara goma sha tara Uwani tana katanga ɗaya da Modu mai lodin kaya a jirgi da matarsa Fanna, 'yar Barno. Ba za ta zuba ido a sa baiwar Allah takaba kan maganar baƙo ba. Ba gawa, ba likkafani, sai suna a takarda. Sau nawa Modu yana musayar aiki da abokansa? Ƙila ma yana wata ƙasa, waya ce ba caji.

Daga bayan ƙyaure Fanna ta ce a hankali, "Yaya Uwani, in kin ce shi ne, na yarda. In kin ce ba shi ba ne, zan jira."

Mustafa ya miƙo leda. Uwani ta zaro agogo mai fasasshiyar fuska.

"Wannan ai a tire ake tallarsa."

Sai hula, gefenta ya ƙone.

"Hula kuma, kan wa babu?"

Ta juya ta, ta leƙa cikinta, har za ta mayar sai ta tsaya. Ta kai ta hanci. Ƙauri ne ya fara bugunta, amma a ƙarƙashinsa ga turaren wutar Fanna, haɗin da ta gada wurin kakarta. Ba ta sayarwa, ba ta bayarwa. Uwani ta roƙa har ta gaji. Duk safiyar da Modu zai yi tafiya, Fanna kan kifa hulunansa a kan kasko, hayaƙin ya tsallako katanga.

Ta sake shinshinawa, tana so ta ƙaryata hancinta. Wallahi ta so a ce mutumin nan maƙaryaci ne.

"Yaya?" in ji Fanna.

Uwani ta shiga, ta ɗora mata hular a tafin hannu, ta rufe da nata.

"Cire 'yan kunnen, Fanna."

Kwana uku bayan sallar ga'ib, Uwani ta fito shanya da safe. Ta san mai takaba ba ta turare, amma duk da haka ta tsaya a gindin katanga da jiƙaƙƙen zani a hannu, tana jan iska. Ba abin da ya tsallako sai ƙarar tsintsiya.