Farautar Hayaniya

Tun farkon damina Pak Darmaji yake ja na farautar hayaniya, kuma wallahi na gaji. Mu biyu ne 'yan rediyo a unguwarmu da ke birnin Semarang. Kowa da 'yar na'urarsa mai kama da filas, a soka ta a kwamfuta, a kafa eriya a rufi, sai tashoshi su bayyana a allo. Shi muryoyin matuƙan jiragen ruwa yake so, don a tashar jirage ya yi aiki har ya tsufa. Tun da matarsa Bu Warsini ta kwanta ciwon huhu, 'ya'ya kuma duk suna Jakarta, sauraren nan ne kaɗai hutunsa. Sai ga wata hayaniya ta rufe komai. Layuka reras a allo kamar haƙoran matsefi, a kunne kuwa sai shuuu.

Kullum bayan la'asar yakan roƙi ƙanwar matar ta zauna da ita, ya rataya kwamfuta, ya miƙo mini ƙaramar eriya, mu bi lungu-lungu. Mun zargi fitilun mai soya tempe, wainar waken suya. Mun sa mai aski ya kashe fankarsa, har ya kira mu tsofaffin banza. Ruwa ya sha dukanmu a gindin turakun lantarki.

"Mas," na ce masa, kamar yadda muke kiran yaya, "ka dai fara kashe wutar gidanka ka gwada ko?" Duk ɗan rediyo ya san da nan ake farawa.

"Kai Gunadi, ni za ka koya wa? Ina wannan harkar kana yawo ba wando."

Raina ya ɓaci.

Rannan muka zauna shan kofi a rumfar bakin titi, kafin a kawo har barci ya kwashe shi a kan benci, baki buɗe. Na zare kwamfutar na tafi ni kaɗai. Duk inda layukan suka yi kauri, nan na bi. Suka wuce da ni masallaci, suka karya kwana, suka tsayar da ni a bayan gidansa, daidai tagar ɗakin mara lafiya. Daga ciki ina jin injin da ke ba ta iskar numfashi yana gurnani a hankali.

Ina juyowa na ga Pak Darmaji a bayana yana haki.

"Mas, injin matarka ne, Mbak Warsini."

"Na sani," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tun ranar da aka kawo shi na sani."

"To wahalar me kake ba ni? Gwiwoyina sun ƙare!"

Ya jingina da bango, ya shafa fuska. "Injin ba dama a kashe shi, rediyo kuwa na haƙura da shi. Amma in na ce na gano, da wane baki zan ce zan fita? In dube ta in ce na gaji?"

Haushin ya bar ni, tausayi ya kama ni. Sai ga muryarta ta taga, siririya, tana yankewa.

"Dik Gunadi, ƙanena, kai ne? Kun samo hayaniyar yau?"

Ya zuba mini ido.

"Ba mu same ta ba, Mbak," na ce. "Gobe sai mun duba bayan kasuwa."

Ya matso kusa da kunnena. "Da ka ce tashar jirage. Ta fi nisa."