Daƙiƙa Huɗu a Bakin Ƙofar Kicin

Matar tsohon direban ba ta son hoto. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, duk wanda ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Ku ɗauki masu kyau." Da ta rasu aka birkice gidan kaf, ba a samu hotonta ko ɗaya ba sai na katin asibiti, inda ta murtuke kamar an yi mata dole.

Bayan wata bakwai, 'yarsa da ke aure a nesa ta turo masa tsohon bidiyon ranar da jikansa ya fara tafiya. Yaron ne a tsakiya yana tangaɗi. Amma can gefen hagu, bakin ƙofar kicin, ga marigayiyar ta leƙo da ludayi a hannu tana dariya. Daƙiƙa huɗu, mai ɗauka ya juya.

Washegari da hantsi tsohon ya nufi wani ɗan shagon tace bidiyo a ƙasan bene, tsakanin mai gyaran waya da tela. Mai tace bidiyon mace ce, da tabarau a goshi.

"'Yata, ta gefen nan nake so. A cire kowa, a bar ta."

"Har jikan naka, Baba?"

"Shi yana nan da ransa, har ya iya yi mini tsiwa a waya."

Ta zana ɗan akwati a kan hoton, ta matse shi har ya kewaye marigayiyar, ta datse sauran. Da ta ƙara masa girma ya cika fuskar kwamfutar, sai fuskar marigayiyar ta dagargaje, ta koma ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin banɗaki.

"Daga nesa aka ɗauke ta, Baba. Abin da waya ba ta kama ba, ja ba ya kawo shi. Amma akwai manhajar da ke cike gurbi da kintace. In gwada?"

Ya gyaɗa kai. Can sai ga wata mata sumul, haƙora jere reras. Ya daɗe yana kallonta.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Sai dai ban san ta ba. Tawa wushirya gare ta, kuma in tana dariya idonta na hagu kusan rufewa yake."

Mai shagon ta juya ga kwamfutar. Ta goge wannan, ta buɗe akwatin kaɗan, ta bar ƙofar da ludayin da rabin labule. Ta rage gudun har daƙiƙa huɗun suka zama goma sha biyu.

"Ja kujerarka baya. Ƙara."

Sai da bayansa ya taɓa bango sannan dishi-dishin ya haɗu. Ita ce, har yadda take karkatar da kai. Ya nemi a maimaita, aka maimaita sau biyar, mai shagon tana ta goge tabaran da ba su yi datti ba.

Da ya koma gida ya tura wa 'ya'yansa uku. Biyu suka amsa da ɗan hoton fuska mai hawaye. Babban bai buɗe ba; ƙila aiki ne ya sha masa kai.

Ya ɗumama sauran abincin jiya, ya jingine wayar da gwangwanin sukari a ƙarshen tebur, ya zauna can ɗaya ƙarshen. Duk cokali uku sai ya tashi ya je ya sake dannawa. Kafin ya gama, abincin ya huce.