Haƙorin Yayar Tangaran

Wata uku haƙori yana cin Yaya, amma ina ta ga sararin zuwa a cire? Ƙaninta, wanda 'yan layinsu ke kira Tangaran, yana da ciwon nan da jini ba ya daskarewa. Ya ɗan bugu kaɗan, gwiwa ta kumbura suntum, sai asibiti da allura. Shekarunsa talatin da huɗu, har da gemu, amma Yaya ta naɗe ƙafafun tebur da soso, ta naɗe hannun ƙofa, kyanwar gidan ma da ƙyar ta sha.

Ranar da kumburin kumatu ya rufe mata ido ɗaya ta haƙura ta nufi wurin likitan haƙori. Ba ta iya barinsa shi kaɗai, don haka ta tasa shi gaba, rungume da matashin da zai zauna a kai.

Kuskure ɗaya ta yi. Nas ta tambayi dalilin matashin, ita kuma ta faɗa mata gaskiya.

Shi ke nan, an sami abin kallo. Likita ya fito da kansa, ya ce tun da ya bar makaranta bai ga mai wannan ciwon ido da ido ba. Aka ɗora Tangaran a kujerar cire haƙori, aka haska masa fitila, aka duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Yaya na tsaye da jakarsa, tana amsa tambayoyi da rabin baki. Abin takaicin ma, har daɗi take ji ana kula da shi.

"Ke kuma sai jibi," in ji likita, yana cire safar hannu. "Lokacin tashi ya yi."

"To, mun gode," Yaya ta ce.

Tangaran ya sauko a hankali, ya je gaban teburin ƙarfe, ya ɗaga gwiwa.

"Likita, ko ka cire mata haƙorin nan yanzu, ko in buga ƙafata a nan. Sai mu ga mai tashi aiki."

"Kai, sauke ƙafar nan," in ji Yaya. "Kanka ɗaya kuwa?"

"Hau kujera, Yaya. Da ƙafa ɗaya nake tsaye, kuma na fara gajiya."

Ba ta san lokacin da ta hau ba. Nas ta durƙusa ta kara matashi tsakanin gwiwar da teburin, likita na ta gumi, cikin minti goma haƙori ya fito.

Tangaran ya sauke ƙafa, ya karɓi auduga ya danna mata, yadda ta saba yi masa. Can ya ɗaga audugar ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Jinin ya tsaya," ya ce. "Shi kaɗai, ba wanda ya roƙe shi. Ashe haka naku yake yi, Yaya?"

Ta so ta yi masa faɗa, amma bakin cike yake da auduga. Sai ta riƙe hannunsa, a hankali, ta yi ta kuka.