Gurbin da Ba a Shiga Sai da Ribas

Ƙarfe takwas saura minti biyu Arvid ya gyara zaman tabaransa, ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Taswirar zangon Tafkin Halvor na gabansa, kowane gurbi da lambarsa. Dokar zangon ke nan: duk mai son ya kafa tirelar tafi-da-gidanka a bakin ruwa cikin watan Yuli, to tun Janairu zai kama wuri, ranar da aka buɗe, ƙarfe takwas cif. Ka tsaya hura kofi, ka tarar mutanen birnin Minneapolis sun wawashe komai.

"An buɗe?" in ji matarsa Marlis daga kicin.

"Saura kaɗan."

"Goma sha bakwai fa, Arvid. In babu, sha takwas. Kada ka yarda a tura mu can baya wajen banɗaki."

Ai ya sani. Shekara ashirin da shida suna sauka a gurbi na goma sha bakwai, inda in ka buɗe ƙofar tirela taku goma ka sa ƙafa a ruwa. Bara ce kawai ba su je ba. Bana kuwa Marlis ta faɗa tun kafin Kirsimeti, ba da wasa ba: likitan ido ya ce ɗan ganin da ya rage mata a gefe shi ma tafiya yake yi, ita kuma tana so ta ga hasken safiya a kan ruwan nan tun tana iya rarrabe shi.

Takwas ta buga. Gurabe suka yi kore, alamar ba kowa. Sha bakwai na nan, dannawa ɗaya ce tsakaninsa da ita. Hannun Arvid ya ƙi motsi.

To, ga abin da ba wanda ya sani a garin. Arvid ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, ko fitilar baya bai taɓa fasawa ba, amma bai iya ribas da tirela ba. Bai taɓa iyawa ba. Da ya ɗaura ta a bayan a-kori-kura, ya karya sitiyari hagu ta yi dama, sai kansa ya ɗaure, zufa ta karyo. Marlis kuwa 'yar gona ce, tun tana shekara goma sha biyu take shigar da keken ciyawa rumbu da baya. Shi ya sa duk shekara suke zuwa ranar Alhamis, kafin 'yan uwa su iso. A ƙofar zango su yi musayar kujera, ta zura tirelar tsakanin itatuwa biyu sumul, shi yana tsaye yana ɗaga hannu kamar mai amfani. Ranar Juma'a kuma ya baje kujerar naɗi, gwangwanin lemo a hannu, duk wanda ya zo yana fama da ribas ya ɗaga masa yatsu yana ba shi maki. A zango haka al'adar take, kowa sai an yi kallonsa, amma Arvid shi ne shugaban 'yan dariya.

Da aka karɓe wa Marlis lasisin tuƙi saboda idon, sai asiri ya fara lilo. Bara ya ja su zuwa wani zango a gefen babbar hanya, duk siminti, inda ake shiga ta nan a fita ta can ba ruwanka da ribas. Ya ce saboda kusa da asibiti ne. Tafkin Halvor kuwa ba shi da irin wannan gurbin ko ɗaya.

Yana zaune sha takwas ta yi ja. Ashirin da ɗaya ta yi ja. Sha bakwai ta tsaya kamar tana jiransa, minti biyar, minti takwas. Ya hango kansa ranar Juma'a, tirela ta karkace ta tare hanya, surukinsa Orrin da sauran jama'a a kan kujeru suna ɗaga masa yatsu. Takwas da minti goma sha ɗaya ta yi ja.

"Kash!" ya ce da ƙarfi, don a ji daga kicin. "Sun riga mu, Marlis. Ana buɗewa suka ɗauke. Duk bakin ruwan ya tafi."

Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu, fuskarta a ɗan karkace, yadda take yi in tana son ta gan shi da gefen ido.

"Duka?"

"Duka."

"To," ta ce, ta koma ciki. Ya ji tana ta goge kofin da ta riga ta goge.

Ƙarfe tara da rabi suna gidan abincin da ke kusa da gidan mai, inda suke haɗuwa da yayanta Orrin da matarsa Lorna duk ranar kama wuri. Dusar ƙanƙara ta yi tudu a bakin taga. Orrin ya riga ya ci rabin ƙwai da soyayyen dankalinsa, yana hango su ya ɗaga cokali.

"Ga direban gwamnati nan! Zauna, tsoho. Mun samu sha shida, maƙwabtaka ta dawo. Bana sai ka tanadi yatsunka, mijin 'yarmu ya sayi tirela mai ƙafa talatin, ko keken jariri bai iya turawa da baya ba."

"Ba mu samu ba," in ji Arvid. Ya zaro takardu daga aljihun rigar sanyi ya baje a tebur. "An riga mu. Amma ku duba nan, wurin bara ya sha gyara. Akwai wutar lantarki a kowane gurbi, ga wurin wanki, ga shi ba sauro. Kun manta sauron Halvor?"

"Wurin bara?" Orrin ya ajiye cokali. "Inda manyan motoci suka hana ni barci kwana huɗu? Haba, Arvid. Ai gara in kafa tirelata a bayan gidan man nan."

Lorna ba ta kalli takardun ba. Shekaru da yawa Orrin ta waya yake kama wuri, amma bana 'yarsu ta saya mata ƙaramar kwamfutar hannu, kuma Lorna in ta koyi abu sai duniya ta ji.

"Wai an riga ku? Ikon Allah. Ni fa da idona ina kallon sha bakwai kore shar har takwas da minti goma. Har na ce wa Orrin, anya Arvid bai makara ba? Ya ce haba, mutumin da ya yi shekara talatin yana tashi ƙarfe biyar? Na so ma in kama muku, sai na ce kada mu yi karo." Ta juya ga Marlis. "Ko ba ku tashi da wuri ba ne, 'yar uwa?"

Arvid ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya jawo kofinsa gabansa. Mai kawo abinci ta zo ta ƙara masa kofi, ya yi mata godiya har sau biyu.

"Intanet ɗinmu ne," in ji Marlis, a hankali, tana laluben gishiri. "In sanyi ya yi yawa sai ya riƙa nauyi. Tun bakwai da rabi yana zaune a wurin."

"Ka gani!" Orrin ya buga tebur. "Tun yaushe nake ce maka ka canza kamfani? Rowa ce za ta kashe ka."

Aka yi dariya. Arvid ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Da ma ta tona shi a gaban yayanta, da ya fi masa sauƙi. Ya tattara takardunsa ya mayar aljihu, ƙwan da aka kawo masa ya huce bai taɓa ba.

Suka kama hanyar gida. Ya tuƙa a hankali, ya tsaya a kowace mahaɗa fiye da kima. Da suka shiga gida ya kashe injin a gefen tirelar, wadda ke lulluɓe da tamfol, ƙanƙara ta taru a kanta. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa.

"Zauna," in ji Marlis.

Ya zauna.

"Linzamin nan naka yana ƙara in ka danna. Daga kicin ina jinsa. Yau ban ji ba ko sau ɗaya." Ta cire safar hannu ta ɗora a cinya. "Jiya kuma da rana na ji injin buga takarda. Na ce me Arvid ke bugawa? Ashe wurin bara ne. Tun jiya ka san za a riga mu."

"Marlis..."

"Ban gama ba. Maganar ribas ba ta taɓa damuna ba. Shekara ashirin da shida ina shigar maka da ita, ina jin daɗi ma. In na ga ka baje a kujera kana ba mutane maki, dariya nake a raina, in ce bar shi ya sha iska. Bara ma na gane, na yi shiru. Na ce namiji ne, a ba shi shekara guda ya nemi mafita." Muryarta ba ta tashi ba. "Amma yau ka zauna gaban abin da ka san ba na iya gani, ka faɗa min abin da ba shi ne a kai ba. Kai kake karanta min takardar magani, Arvid. Kai kake karanta min wasiƙar likita, da ta banki, da katin da jikoki suka aiko. Daga yau in ka karanta min abu, yaya zan yi?"

Ya kalli sitiyari. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige, ya ja ƙanƙara ya rufe kansa. Kunyar ribas da ya yi shekaru yana ɗauke da ita sai ya ga ashe ba komai ba ce. Ya so ya ce tsoro ne, ya so ya ce bai yi tunanin abin ta nan ba, amma duk wanda ya ɗauko sai ya ji ya yi ƙanƙanta.

"Na yi ƙarya," ya ce. "Tana nan har minti goma sha ɗaya. Ina kallonta."

"Na sani. So nake in ji daga bakinka." Ta laluba ta buɗe ƙofarta. "Zo ka karanta min abin da ya rage."

Ya jawo mata kujera kusa da tasa. Taswirar duk ta yi ja, sai ɗigo ɗaya can ƙarshe.

"Arba'in da ɗaya kaɗai," ya ce.

"Yaya yake? Yadda yake fa."

"A baya yake, bayan banɗaki. Ba a hango ruwa daga nan. Tafiyar minti shida ko bakwai ce zuwa bakin tafkin, hanyar da saiwoyi, sai na riƙe ki. Gangare ne, ga itace dama da hagu, an rubuta shigarsa da wuya. Shi ya sa ba wanda ya ɗauka." Ya sauke hannu daga kan linzamin. "Ba zan iya shigar da ita nan ba. Ko a sha bakwai ɗin ma ba zan iya ba."

"Kama."

Ya danna, ƙarar ta fito sarai a ɗakin. Ya karanta mata ranakun, da lambar, da sunansu, har da ƙananan rubutun ƙasa da ba mai karantawa. Da ya gama ya ɗauki waya ya kira Orrin, ya sa yadda ita ma za ta ji.

"Direban gwamnati! Intanet ya farfaɗo?"

"Mun samu arba'in da ɗaya. Orrin, bana ranar Juma'a za mu zo, tare da kowa. Kai za ka shigar min da tirelar."

"Arba'in da ɗaya? Ai wannan aikinka ne, gwani. Ni in na..."

"Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba."

Can nesa a wayar ana jin Lorna tana tambayar ko lafiya.

"To duk shekarun nan wa ke..." Orrin bai ƙarasa ba. Ya ja numfashi. "Marlis ce?"

"Ita ce."

Arvid ya runtse ido yana jiran dariyar. Ya san bashin dariya ya ci, ya shirya biya. Ba ta zo ba.

"Kai," in ji Orrin, muryarsa ta yi ƙasa. "Duk wanda ya zo zangon nan sai na kai shi ya ga yadda tirelarku ta zauna. In ce ku duba hannu, surukina ne. Shekara ashirin da shida. Ashe ƙanwata ce, ko sau ɗaya ban ce mata sannu ba."

Marlis ta sunkuyar da kai, tana murza bakin rigarta.

"Tana jinka," in ji Arvid. Ya sa mata wayar a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Sannan ya tashi ya koma kicin ya tsaya a gaban tukunyar kofi, don ta amsa ba tare da yana wurin ba.