Aron Damtse

Baba Tela ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya ɗora damtsensa a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da guntayen yadi, sannan ya kau da kai kamar wanda za a yi wa allura.

"Ki yi sauri, Auta, ina da ɗinkin mutane."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ɗaliba ce a kwalejin kimiyyar lafiya, ɓangaren rigakafin cututtuka. An ba su aron na'urar awon hawan jini su riƙa gwaji a gida kafin jarrabawar aiki. Ta auna Mama, ta auna yayarta, ta auna maƙwabta har sun fara ɓuya idan suka hango ta da jaka. Baba kaɗai ya rage, shi da ya ƙare rayuwarsa yana zagaya tef a ƙirjin mutane amma bai taɓa yarda a auna shi ba. Tun da wansa ya shiga asibiti da ƙafarsa aka fito da shi a kwance, ko ta ƙofar wurin ba ya bi. Ciwon kan da ke damunsa kuwa, a cewarsa, ƙarar keken ɗinki ce.

Auta ta ɗaura masa madaurin, ta matsa robar har ya kumbura, ta sa abin sauraro a kunne, ta saki iskar a hankali tana kallon allurar na'urar. Ba ta yarda da abin da ta gani ba. Ta sake, allurar ta tsaya a inda ta tsaya da farko.

"Yaya? Na ci ko na faɗi?" in ji Baba yana dariya.

"Hannuna ne bai faɗa ba tukuna, Baba. Gobe ma ka ara mini damtsen."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Jinin Baba ya hau, hawa irin wanda a aji aka ce kada a bar mai shi ya yi ta yawo da shi. Da ta faɗa wa Mama a kicin, Mama ta ajiye ludayi ta zauna a bakin ƙofa.

"Kin san halin ubanki. Kina cewa asibiti, ko damtsen ba za ki ƙara gani ba."

Sai Auta ta kai maganar wurin malamar da ke koya musu awon, wata dattijuwa mai ƙaramar murya wadda ɗalibai ke shakka. Malama ta saurare ta har ƙarshe.

"Gano ciwo ba shi ne wahalar aikinmu ba," ta ce. "Wahalar ita ce kawo mai shi bakin ƙofa tun yana tafiya da ƙafarsa. Ranar jarrabawa an yarda ɗalibi ya zo da wanda zai auna. Ni ba zan ɓoye masa komai ba, abin da na gani zan faɗa. Kawo shi ne naki."

Da yamma Auta ta zauna kusa da keken Baba na gida tana tsince masa zare, ta ce tana neman wanda zai raka ta jarrabawa.

"Ga uwarki nan."

"Ni ƙafata ke ciwo," Mama ta amso daga tsakar gida, ita da ta wuni tana zirga-zirga.

"Asibiti ne?"

"Aji ne, Baba. Allo da benci."

Ranar, Baba ya fito cikin rigar da ya fi ji da ita, ta sha guga. Tun daga ƙofar kwalejin yake kushe ɗinkin fararen rigunan ɗalibai, wai duk wanda ya haɗa waɗannan kafaɗun bai ji tsoron Allah ba. A aji ya zauna ya miƙa hannu da taƙama. Auta ta auna, ta faɗi abin da ta samu. Malama ta karɓi abin sauraron ta auna da kanta, sannan ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Baba, 'yarka ta iya aiki. Abin da ta ji, shi na ji." Ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta tsorata shi ba, ba ta kuma rage komai ba.

Baba ya dubi damtsensa.

"Wato dai ta ci?"

"Ta ci. Kai ne za ka sake zama. Akwai likita a ɗakin da ke ƙarshen barandar nan."

Ya buɗe baki zai ce yana da ɗinkin mutane, sai ya dubi Auta ya ga idonta ya cika taf da ƙwalla, tana ta naɗe madaurin tana warwarewa. Ya sauke hannun rigarsa, ya gyara zaman hularsa.

"To, mu je, tunda an riga an zo."

Daga nan gidan ya sauya. Mama ta rage gishiri, Baba ya riƙa mita a kan kowace loma yana kuma suɗe kwano. Da safe yakan haɗiye ƙwayarsa, ya taka zuwa shago maimakon hawa mota. Ciwon kai ya tafi, shi kuma ya ce man da ya sa wa keke ne ya rage ƙara. Auta ba ta musa ba. Daɗi take ji duk lokacin da ta jiyo shi yana waƙa a kan ɗinki, ta kuma tabbata har yau bai gane dabarar da suka haɗa masa ba.

Bayan an yi hutu, wata safiya ya aika a kira ta shago, ya ce ta zo da na'urar. Ta taho da sauri. Ta tarar da shi lafiya lau yana yanka yadi. A kan benci kuwa ga amininsa mai walda, wani ƙaton mutum mai jajayen idanu, ya haɗe rai.

"Ni fa ba na son irin waɗannan abubuwan," in ji mai walda.

"Haba, taimakon yarinya za ka yi. Hannunta ne bai faɗa ba tukuna. Ara mata damtsen kawai."

Mai walda ya fara naɗe hannun riga yana ƙunƙuni. Baba ya zagayo kamar zai ɗauki tef, ya sunkuyo daidai kunnen Auta, ya yi ƙasa da murya.

"Kullum kansa na sara, kuma ya fi ni taurin kai. Idan kin ga abin ya hau, kada ki ce masa asibiti." Ya ɗauki tef ɗin ya rataya a wuya. "Ki ce masa aji ne, allo da benci."