Zaren Radiya da Sallamar Hajo

A Limancin Kona, cikin birnin Zariya, akwai gidan Malam Zulkiflu, maɗinkin manyan riguna. Yana zaune da mahaifiyarsa Hajo da 'yarsa Radiya, 'yar aji biyar. Gidan akwai rufin asiri, abu biyu kawai suka rasa: ba wanda ya taɓa hawa jirgin sama, kuma Hajo ba ta san gaggawa ba.

Da Allah ya nufi Hajo da zuwa Umara tare da ɗanta, Radiya ta ɗauko taswirar makaranta da zaren ɗinkin babanta ta auna. Daga Zariya zuwa Kano bai kai faɗin farce ba, daga Kano zuwa Jidda kuwa ya fi taƙi.

"Kaka, kilomita dubu uku da 'yan kai ne, amma awa biyar kacal a jirgi."

"Awa biyar? Kakana shekara uku ya yi a hanya. Ke da zarenki, 'yar boko!"

Malam Zulkiflu ya ce ranar Laraba za su tafi Kano, jirgi kuwa ƙarfe huɗu na yamma yake tashi. Radiya, wadda za ta yi rakiya, ta ware awa uku na mota, ta ga lokaci har ya yi yawa.

Laraba da hantsi motar Jalo direba ta tsaya a bakin lungu. Hajo ta fito, ta wuce motar, ta faɗa gidan maƙwabta.

"Ina zuwa kuma, Kaka?"

"Sallama mana. Ɓarawo ne ke tafiya ba sallama."

A kowane gida sai an gaisa, an yafi juna, an ɗan yi kuka, an dama fura, sannan a ba ta saƙon addu'a. Wata na neman haihuwa, wani na son ɗansa ya ci jarrabawa. Hajiya Talatu, wadda suka yi shekara biyu ba sa ga maciji a kan wata akuya, sai da aka sake shari'ar akuyar tun daga farko kafin a yafe.

Jalo na bin su a hankali da mota kamar mai rakiyar amarya. Aka kira azahar suna gida na tara. Aka kira la'asar ba su ko kai Ƙofar Doka, mafitar birni, ba. Radiya ta leƙa agogon Jalo, ta fashe da kuka.

"Baba, jirgi ya tashi! Kaka ta rasa Umara!"

Malam Zulkiflu, da ke gaban mota yana ɗinkin wuyan riga, ya miƙo mata tikiti. "Karanta ranar, uwata."

Ta goge ido ta duba. Alhamis.

"Ke da zare kika auna," in ji shi. "Ni shekara arba'in ina auna tsohuwar nan."

Hajo ta shigo mota tana haki, da ƙullin goro a hannu. "Me ya sami 'yar boko? Jalo, ɗan ratsa Ƙofar Gayan, saura gida huɗu."

Suka kwana a Kano. Washegari jirgi ya tashi da Hajo a ciki, kuma kafin Jalo ya gama gyaran tayar da ta fashe masa a hanya ya dawo da Radiya Zariya, an bugo waya daga Jidda.

Radiya ta gane cewa daga Kano zuwa Jidda awa biyar ne, amma daga ɗakin Kaka zuwa Ƙofar Doka sai an ware wuni guda.