Jan Biro a Kasafin Bana

Shekara ashirin da bakwai ina duba rubutu a maɗaba'ar gwamnati, ban taɓa canza lamba da gangan ba sai bana. Aikina shi ne in karanta duk abin da za a buga, in na ga kuskure in zagaye shi da jan biro, mai shigar da rubutu ya gyara a kwamfuta. Ba ya tambayata dalili. Kasafin kuɗin ƙasa ma ta teburina yake bi kafin ya isa majalisa. Littafi ne mai kaurin bulo, kuma na rantse ni kaɗai nake karanta shi daga bango zuwa bango.

Bara aka gyara kundin tsarin mulki: daga yanzu gwamnati ba za ta kashe fiye da abin da ta samu ba, ba sauran cin bashi don cike giɓi. Da ƙafata na je na jefa ƙuri'ar amincewa, har da yi wa maƙwabta wa'azi, don na gaji da ganin kuɗin ruwa yana kumbura kowace shekara kamar ƙurji. Na ce wa matata, "Ko a gidan nan ai ba ma cin abin da ba mu samu ba."

Ta ce, "Haka ne. Amma a gidan nan in abinci ya yi kaɗan, babba ne yake fara ajiye cokali."

Na yi dariya na wuce, wai ni mai ilimi.

Shekara uku ke nan ƙodar matata ta daina aiki. Litinin da Alhamis nake kai ta babban asibiti wankin ƙoda, kyauta, awa huɗu a jikin inji. In ta tsallake zuwa biyu, ƙafafunta su kumbura, numfashi ya gagara. A asibitin kuɗi kuwa, albashina na wata ba zai biya zuwa uku ba.

Ina cikin duba kasafin bana na isa shafi na ɗari biyu da sha huɗu. Sashen wankin ƙoda: bara miliyan ɗari huɗu, bana miliyan arba'in. Na ɗauka sifili ne ya faɗi, har na ɗaga biro. Na nemo takardar asali daga ma'aikatar kuɗi, na ga haka suka rubuta. Na koma baya zuwa shafi na sittin da ɗaya, sabunta motocin manyan jami'ai: miliyan ɗari tara, ko ƙwarzane babu. Wato da aka ce a tsuke bakin aljihu, aljihun marasa lafiya suka gani. Marasa kunya, marasa tsoron Allah!

Na ɗauki shafukan biyu na shiga ofishin darakta.

"Yallaɓai, dubi wannan. Kashe mutane za su yi."

Ko ɗaga kai bai yi sosai ba. "Jimillar shiga da ta fita sun daidaita?"

"Sun daidaita."

"To doka ta cika. Mu namu bugawa ne, Malam. Je ka ƙarasa, jibi za a kai."

Na koma teburina zuciyata na tafasa. Tunda jimilla kawai suke kallo, zan bar musu jimillarsu. Na zagaye ɗari tara na rubuta ɗari biyar da arba'in. Na zagaye arba'in na rubuta ɗari huɗu. Na gyara ƙananan jimillolin ma'aikatun biyu, na sa hannu. Mai shigar da rubutu ya shigar yana cin gyaɗa.

Majalisa ta amince da kasafin a zama ɗaya. Muka gan su a talabijin suna tafi, kowa yana ɗaga littafin sama, wai an ceci jikoki daga bashi. Babu wanda ya buɗe shi. Mako guda na yi ina barci mai daɗi, har matata ta tambaye ni ko ƙarin girma aka yi mini.

Ashe akwai mai karatu na biyu a ƙasar nan: dillalin da ke kawo wa gwamnati motoci. Shi ya duba layinsa ya ga an taɓa, ya buga waya ɗaya. Cikin kwana biyu har an gano wane tebur ne. Sashen da mutum ɗari uku ke rayuwa da shi an yanke shi ba wanda ya yi tari, amma an taɓa mota, ƙasa ta girgiza.

Darakta ya kira ni, ga wasu mutum biyu masu kwat zaune. Ya turo mini takarda. Sanarwa ce cewa kuskuren bugu aka samu, za a mayar da lambobin yadda suke.

"Ƙa'ida ta ce sai mai duba rubutu ya sa hannu," in ji shi. "Kai kaɗai ka rage mana, kujerar mataimakinka ma an soke ta a kasafin."

"In na ƙi fa?"

Ɗaya daga masu kwat ɗin ya ce, "Kotu, Baba. Kuma kuɗin sallamarka ya tafi. In ka sa hannu, ritaya ce kawai, ka tafi da haƙƙinka."

Na zage su, ba zan ɓoye ba. Na ce musu ɓarayin zaune ne, Allah ya isa tsakanina da su. Suka bar ni na gama, don sun san lissafin da nake yi a raina: ba sashen, ba albashi, da me zan kai ta asibitin kuɗi in ba da kuɗin sallamar ba? Da hannuna na zagaye ɗari huɗu na rubuta arba'in, na sa hannu a sanarwar.

Ranar Alhamis muka tarar da sanarwa a ƙofar sashen: daga farkon wata inji ɗaya ne zai yi aiki cikin takwas, na gaggawa kawai. Bayan an haɗa ta da injin na zauna kusa da ita na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba.

"Nawa ne kuɗin sallamar?" ta tambaya.

Na faɗa mata. Ta lissafa da yatsun hannun da babu allura a jikinsa.

"Wata bakwai ke nan," ta ce. "Bayan nan fa?"

Na juya ina kallon injin.

"To kar ka taɓa shi, Baban yara. Shekara biyu suka rage wa auta a makaranta."

"Ba ki isa ba! Wallahi ba ki isa ba!" Har ma'aikaciyar jinya ta juyo.

Ta gyara kwanciya ta rufe ido. "Rage murya, akwai marasa lafiya. Na riga na gama magana."